Surukar Kojja Bula a Kujera ta Uku

A duk shekarun da na yi ina shafa wa mutane hoda a gidan talabijin ɗinmu na unguwar Nateete a Kampala, ban ga fuskar da ke shan hoda kamar ta Bulasio Kayizzi ba. Tun kafin a kunna fitilu yake fara gumi. Shi ne mai gabatar da Faɗi Mu Ji, shirin kacici-kacici na yammacin Asabar, kuma a Kampala ba mai kiransa Bulasio sai matarsa Jesika in ranta ya ɓaci. Kowa Kojja Bula yake cewa, wato kawu, daga 'yan makaranta har masu sayar da matoke, ayabar dafawa, a kasuwa.

Shirin ba shi da wuyar ganewa. Mutum uku ke zama a kujeru, Kojja na jefa musu tambaya yana yi musu tsiya. Wanda ya ba da amsar banza, sai ya kwaɗa masa kulki a ka. Kulkin na soson katifa ne da aka naɗe da busasshen ɓawon ayaba, ba zafi sai ƙara. Wanda ya fara faɗuwa, Kojja zai kama hannunsa ya ja shi zuwa benci yana rera masa waƙar jaje. Wanda ya ci, a buga ganga, Kojja ya rungume shi su taka rawa, a ba shi firji. Na biyu kaɗai ne ba a taɓawa. Bokiti da sabulu ake miƙa masa ya kama hanyarsa.

Ranar da nake ba da labari, Kojja na zaune a gaban madubi na yafa masa zane a wuya, sai ga furodusanmu Derrick Mubiru ya shigo ya jingina da bango.

"Kojja, kamfanin sabulu sun ce ka tsufa."

"Sabulunsu ne ya tsufa. Ni ina nan."

"Sun ce tsiyarka ta huce, mutane sun san abin da za ka faɗa tun ba ka buɗe baki ba. Yau manajansu, Mista Rukundo, zai zauna a layin gaba. In bai yi dariya ba, mako mai zuwa kokawar Turawa za mu sa a madadinka."

"Yana da saurin dariya?"

"Matarsa ta ce ya yi sau ɗaya, amma ba ta wurin."

Derrick ya fita. Ni na san Kojja ba shi da wata sana'a bayan wannan. Ya taɓa gwada kiwon kaji, kajin ba su ba shi haɗin kai ba.

Masu gasar sukan biyo ta ɗakina kafin su hau. A ranar akwai wata ɗalibar koyon aikin lauya mai suna Nantume, da wani ɗan acaɓa, Kalyango. Ta ukun ya kamata ta zama wata mata daga ƙungiyar matan coci ta Mityana, amma ciwon haƙori ya kwantar da ita, ƙungiyar ta turo wata ba tare da ta sanar da kowa ba. Ina cikin goge wa Kojja goshi na ga idonsa ya tsaya cak a madubi. A bakin ƙofa wata dattijuwa ce gajera cikin gomesi shuɗiya, doguwar rigar matanmu, ta ɗaura ɗamara mai faɗi, jakarta a hammata. Kafin in juyo, Kojja ya ja zanen ya lulluɓe kansa gaba ɗaya.

Mama Perepetwa ce, mahaifiyar Jesika.

Mu Baganda, namiji ba ya taɓa uwar matarsa. Ba gaisuwar hannu, ba zama kusa, ba haɗa ido. Wanda ya taɓa, an ce ciwon karkarwa zai kama shi, ya ƙare rayuwarsa shayi na zubewa daga kofinsa. Kojja ya sha yi wa wannan al'ada ba'a a shirinsa. Amma tun da ya auri Jesika, in ya je Mityana a gindin mangwaro yake zama, ita kuma ta gaishe shi daga bayan ƙofar kicin.

Mama ta ja da baya ta laɓe a jikin ƙofa, inda ba za su ga juna ba.

"'Yata," ta ce da ni, "ki gaida min mijin Jesika. Ki ce masa ya aiki."

"Mama na gaishe ka," na ce da zanen.

"Ki ce ina amsawa da kyau. Ki tambaye ta, lafiya dai? Wani ne ba lafiya a gida?"

"Ki ce masa kowa lafiya. Firji na zo ɗauka."

Na kai ta ɗayan ɗakin na shafa mata hoda. Abin da ta ce da ni kawai shi ne kada in cika, ba aure za ta yi ba. Da na dawo na tarar Kojja ya tsare Derrick a lungu.

"Ka canja ta."

"Da wa? Yanzu za mu hau."

"Da kowa. Da mai gadi. Da Anti Gorreti ga ta nan," ya nuno ni.

"Haba Kojja, wannan ai zancen ƙauye ne. Kai da bakinka ka faɗa."

"A talabijin na faɗa. Abin da ake faɗa a talabijin daban, jikin mutum daban."

"Ba ni da wata. Kuma in ka yi wa manajan sabulu shirin ladabi da sunkuyar da kai, ka san sauran."

Kojja ya dawo ya zube a kujera.

"Anti, in ta faɗi da fari, sai na kama hannunta. In ta ci, sai na rungume ta."

"To sai ta zo ta biyu," na ce.

Ya ɗago ya dube ni. "Ta biyu. Bokiti. Allah ya yi wa bokiti albarka."

Kai tsaye ake watsa shirin, ba gyara. Ni a gefen kyamara nake tsayawa da hodata. Kojja ya shigo da rawarsa ta kullum, cikin jar kwat, da fatar akuya ɗaure a ƙugu irin ta masu rawar gargajiya. Ya fara da ɗalibar.

"Nantume, za ki zama lauya. Wato kina koyon yadda za ki cinye kuɗin wanda ya cinye kuɗin wani."

Aka yi dariya kaɗan, irin ta sabo. Ya matsa gaba.

"Kalyango, kai ne ka bi ta kan ƙafata a Wandegeya makon jiya?"

"In babur ɗin ja ne, ni ne, Kojja. In ka ji ciwo sosai, na ƙanina ne."

Da ya zo kujera ta uku, sai ya juya mata baya. Ya fuskanci bango, ya haɗa hannuwa a gaba, ya rusuna wa bangon.

"Kalyango ɗana, taimake ni. Ka gaya wa baƙuwarmu ta uku muna yi mata barka da zuwa. Ka tambaye ta ko kujerar ta yi mata daɗi, ko a kawo matashi."

Kalyango ya dubi tsohuwar, wadda ta kawar da kanta gefe. Ya dubi bayan Kojja. Ya sake dubanta.

"Kojja, surukarka ce?"

Ɗakin ya fashe da dariya. Matan da ke baya suka rufe baki da gefen zane, maza na dukan cinya. Ba wanda ke wurin da bai taɓa tsallaka kwata don kauce wa surukarsa ba. Mista Rukundo kaɗai ne bai motsa ba. Dogo ne siriri cikin baƙar kwat, yana latsa wayarsa.

"Ka tambayi Mama, in ba takura, wane tsuntsu ne a jikin tutar ƙasarmu?"

Kalyango ya maimaita mata, duk da ta ji sarai.

"Ka ce masa gauraka. Ka kuma ce masa ko jikata Ritah ba za a yi wa wannan tambayar ba."

Da zagaye ya dawo kanta, ya ce a tambaye ta mutum nawa ne ke buga ƙwallo a kowane ɓangare.

"Ka ce masa duk wanda ba shi da gona."

Ƙararrawar kuskure ta yi kuka. Nan take 'yan kallo suka ɗauki waƙar da suka saba: kulki, kulki, kulki. Kojja ya ɗaga kulkin, bayansa na wajenta. Na ga gumi na bin wuyansa yana wanke aikina. Ya tsaya haka har waƙar ta fara sanyi, sannan ya kwaɗa wa kansa a tsakar ka.

"Laifina ne," ya ce da bango. "Ban iya tambaya ba."

Mama ta saci kallon kulkin ta gefen ido. Na ga ta gyara zama.

Tambaya ta gaba, ƙafa nawa gizo-gizo ke da shi.

"Ka ce masa ban taɓa tsayawa ƙirgawa ba, da tsintsiya nake zuwa."

Kojja ya sake kwaɗa wa kansa. Ta gaba ma haka, da wadda ta biyo ta. Na tabbata wasu ta san amsarsu. Ɓawon ayaba ya fara maƙalewa a gashinsa, ɗakin kuwa ya koma kamar kasuwa. Sai da ya ɗaga kai ya dubi allon maki ya ga inda aka kwana: Mama ce a ƙasa. In aka tafi haka, hannunta zai kama.

Ya juya ga ɗalibar, bai ko dubi katin da ke hannunsa ba.

"Nantume, tsaunin Rwenzori, tsawon rake nawa ne?"

"Kojja, wannan ba ta cikin kati."

"Kun ji lauya. An tambaye ta, ta kai ƙara."

Kulki. Ya tambaye ta sunan kakar direban da ya kawo ta, kulki. Ita kuwa Mama aka tambaye ta da wane ganye ake naɗe matoke in za a turara, aka kuma ba ta maki biyu, ɗaya na amsa ɗaya na shekaru. Da Nantume ta faɗi, Kojja ya kama hannunta da murnar da ban taɓa gani ba, har yana tsalle a hanyar benci, waƙar jajen ta koma kamar ta biki.

Aka tafi talla. Na ruga na tsince masa ɓawon ayaba na ƙara hoda.

"Manajan ya yi dariya?" in ji Kojja.

"A'a. Amma ya ajiye wayar."

Kojja ya sunkuya wajen kunnen Kalyango. "Firji naka ne, ɗana. Kai dai ka buɗe baki, ko me ya fito zan karɓa."

Aka dawo. Saura mutum biyu.

"Kalyango, wane kogi ne ke fita daga tafki a Jinja?"

"Ban sani ba, Kojja."

"Ba ka taɓa zuwa Jinja ba?"

"A can aka haife ni."

"To ruwan nan mai yawa da ke wucewa ta ƙarƙashin gada, me ake ce masa?"

"Kojja, uwata na kallo. In na kayar da tsohuwa a gaban jama'a, ba ni ba cin abinci a gidanmu. Kuma tun ɗazu ni ne ɗan aikenta. Ya za a yi a aike ni, in dawo da firji a kaina?"

"Kalyango, ka yi wa Allah."

"Ɗakina ma ba wuta."

Kojja ya kwaɗa masa kulkin, kuma a ganina wannan karon ya so a ce na icce ne. Mama ta taɓa kafaɗar yaron aikenta.

"Ka ce masa ya rage tsalle. Jesika ta ce gwiwarsa na ciwo, ita ke shan wahalar shafa masa man zafi. Ka kuma tambaye shi, jar kwat ɗin nan ba ita ya sa ba ranar da ya zo neman aure? Na gane ta. A ranar ma ta yi masa kaɗan."

Kalyango ya juya ya fara isar da saƙon kalma bayan kalma, da murya irin ta mai shela.

"Na ji, na ji," in ji Kojja.

"Ban gama ba, Kojja. Saura zancen kwat."

Mutumin da ya shekara da shekaru yana yi wa Kampala tsiya ya tsaya yana kallon bango, ana yi masa, ba damar ramawa. Abin da yake iya cewa kawai, "Ka ce Mama ta yi gaskiya." Ya faɗa har ya zama amshi, 'yan kallo na taya shi.

Ya rage tambaya ɗaya. In Mama ta faɗi, za a yi kunnen doki a sake zagaye, wataƙila Kalyango ya gaji da ladabi. Kojja ya juya katunansa ya zaro ta can ƙasa.

"Ka tambayi Mama, wanne ne babban birnin Ostareliya. Sidni ne," ya faɗa da ƙarfi, "ko Melbon," ya ƙara ƙarfi, "ko Kanbera." Na ƙarshen da ƙyar ya fita daga maƙogwaronsa.

"Ka ce masa na ukun."

"Ka tambayi Mama ko ta tabbata. Sidni babban gari ne. Gari mai kyau, ga ruwa."

"Ka ce masa ni ban san ko ɗaya ba. Amma tun ranar da ya fara zuwa gidana na lura da shi, in zai faɗi gaskiya ƙasa-ƙasa yake yi da murya."

Ƙararrawar nasara ta buga. Makaɗa ba su jira kowa ba, suka saki ganga. Mama ta miƙe, ta ajiye jakarta a kujera, ta ƙara tamke ɗamara. Ta yi taku ɗaya. Kojja, da ke jin motsinta a bayansa, ya yi taku ɗaya gaba. Gwiwoyinsa na kaɗawa har ana gani a wando.

"Karkarwar ta kama shi tun bai taɓa ba," wani ya ce daga can baya.

Suka zagaya dandalin haka, shi a gaba ita a baya, ba wanda ya dubi wani. Ta cikin gilashin ɗakin sarrafa shiri ina hango Derrick yana rungume iska da hannu biyu, yana nuna masa abin da zai yi. Ni dai na san ba zai yi ba. Na kuma san in ya sauka daga dandalin ya bar tsohuwa tsaye ganga na tashi, shirin ya mutu a daren Asabar ɗin farko da aka sa kokawa. Ya zo daidai layin gaba ya tsaya. Ya ɗaga hannu, ganga ta yi ƙasa.

"Jama'a, kun san ƙasar nan. Namiji ba ya zuwa gaban surukai da ƙafarsa. Babba yake turawa, mai nauyi, mai kwat ɗin da ta yi masa daidai. To yau wa ya fi kowa nauyi a ɗakin nan? Ai wanda ya sayi firjin."

Ya kwance fatar akuyar daga ƙugunsa, ya durƙusa a kan gwiwar da ke ciwo, ya ɗora ta a cinyar Mista Rukundo.

Derrick ya rufe fuska da takardunsa. Mista Rukundo ya dubi fatar kamar an ajiye masa mushe. Kyamara ta matso kansa, ba inda zai shiga.

Mama ce ta yi magana, kuma kai tsaye, tunda shi ba surukinta ba ne.

"Tashi mana, ɗana. Ko kai ma 'yata ka aura?"

Ya miƙe a hankali. Kalyango ya zo ya ɗaura masa fatar a kan baƙar kwat. Ganga ta dawo. Da fari tsayawa ya yi kamar falwaya, Mama na juya ƙugu a gabansa kamar ba ita ce ta shigo tana dafa bango ba. Can sai ya ɗaga hannuwansa biyu sama kamar ƙahon saniya, ya fara dukan ƙasa da ƙafa, irin rawar mutanensu na yammacin ƙasarmu. Ba ta dace da kiɗan ba ko kaɗan. Ya yi tsalle, takalminsa ɗaya ya fita, bai koma ta kansa ba. Wani sauti na fita daga bakinsa kamar famfon da ya daɗe ba ruwa, sai daga baya muka gane dariya ce. Kojja na gefe yana tafa wa bango.

Bayan an sauka, Mista Rukundo ya biyo su ɗakina yana share gumi, takalmi ɗaya a hannu. Mama ta tsaya a inda ta tsaya ɗazu, bayan ƙofa.

"Shirin zai ci gaba," ya ce da Derrick. "Amma da ita. Kowace Asabar."

Kojja ya nemi kujera ya zauna.

"'Yata," Mama ta kira ni, "ki ce musu ba zan iya ba. Asabar muke share coci, ga wakena ya kusa isa cira."

Na ji Kojja ya saki numfashi. Mista Rukundo ya fara ɗaure fuska, Derrick ya buɗe baki zai yi roƙo.

"Amma ki ce kada su damu. Mu mata ne reras a ɗakinmu, yayyena da ƙannena duk suna raye, kuma duk iyayen Jesika ne. Sai su riƙa zuwa bi da bi."

Mista Rukundo ya dubi Derrick. "Su ma ba ya taɓa su?"

"Ko ɗaya, ranka ya daɗe."

"Suna da yawa?"

"Anti, ki tambayi Mama," in ji Kojja da ƙaramar murya, "har da na wajen kishiyoyin kaka take nufi?"

"Ki ce masa har da su."

Mista Rukundo ya miƙa wa Derrick hannu, ya sa takalminsa ya fita. A motar gidan talabijin aka kai wa Mama firjinta Mityana. Kalyango ya tafi da bokiti, da kuma sabon aiki, don Derrick ya ce ba za a sami ɗan aike kamarsa ba.

Asabar ta gaba babbar yayarsu ce ta zo, Mama Sikolasitika, da sandarta. Kunnenta ya yi nauyi, sai Kalyango ya kafa baki a kunnen ya yi ihu kafin tambaya ta shiga. Ita kuma a zatonta raɗa take yi. Ana kunna fitilu ta ƙura wa jar kwat ɗin ido, ta jawo Kalyango kusa, ta yi raɗar da aka ji har bakin titi.

"Wannan ne mijin Jesikar? Ka ce masa ya juyo in gan shi. A'a, bari. Kada ya juyo, bayan ma ya ishe ni."